Gwaggo Sufeto, Mai Ɗinke Ƙarshen Labari

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar ɗakin karatu na unguwarmu, titi ne kaɗai ya raba mu. Saboda haka ko ban yi niyyar sa ido ba, na san shigar Gwaggo Sufeto da fitarta. Da hantsi take isowa, jaka a kafaɗa, lema a hannu ko da rana ko da ruwa. Takan tsaya ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi ya ƙafar da ke masa ciwo, sannan ta ratsa babban zauren da manya ke zama da jaridu, ta shige ɗan ɗakin da ke can ƙurya kusa da famfo. Nan ne sashen yara. Ta buɗe taga, ta kakkaɓe tabarma, ta gyara ƙananan kujeru, ta jera littattafan da aka dawo da su jiya a gabanta. Daga nan sai ta jawo wani tsohon gwangwanin madara da take ajiye allura da zare a ciki, ta kama aikin da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami yau.

Ɗinke littafi take yi. Ba gyaran bango nake nufi ba, ko da yake shi ma tana yi. Littattafan bincike na yara, irin waɗanda ake sata ko a ɓoye wani abu a shiga neman wanda ya aikata, su take kamawa. Sai ta ware babin ƙarshe, inda ake tona asirin mai laifi, ta zura jan zare a gefen shafukan sama da ƙasa, ta ƙulle. Yaro zai ari littafi ya yi ta karatu, ya zo daidai inda ransa ya fi so, sai ya tarar an rufe. Ba mai warware ɗinkin nan sai ita. Ita kuma ba ta warwarewa sai ka dawo ka zauna a gabanta, ka faɗi wanda kake zargi, ka buɗe shafi ka nuna mata dalilinka. Ko ka dace ko ka kuskure duk ɗaya ne a wurinta, in dai ka kawo dalili za ta buɗe maka. Wanda kuwa ya zo da "ni dai jikina ne ya ba ni", sai ta miƙa masa littafinsa ta ce a gaida mutanen gida.

Ni ba irinta ba ne, ba na iya riƙe magana, don haka bari in faɗa muku tun yanzu. A 'yan watannin nan Gwaggo ta ajiye aiki. Ba gajiya ta yi ba. Idanunta ne suka yi ta ja da baya har ta daina raba baƙaƙen rubutu, likita kuma ya gaya mata ciwon ba irin wanda aiki ke gyarawa ba ne. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta da girmanta tsakanin littafi da yara, yau littafin ya fi ƙarfinta. Ba kuma abin da take tsoro irin a ce yaran su ma sun ɗauke ƙafa.

Sanina da ita ya faro ne daga zare. Ina sabon kama shago ta tsallako titi ta yi sallama, ta tsaya tana kallon ƙasan kekena.

"Tela, wannan ragowar zaren da kake sharewa, ka riƙa tara min. Ja nake so."

"Ranki ya daɗe, ɗinki kike koyo? Ai sai ki kawo in yi miki."

"Ɗinkina ba irin naka ba ne," in ji ta. "Kai kana ɗinki don ya daɗe, ni ina yi don a warware."

Wannan magana ta tsaya min a rai har na kasa haƙuri, washegari na tsallaka na leƙa. Na ga ɗinkin da idona, kuma a matsayina na mai sana'a dole in faɗi gaskiya: ban taɓa ganin mummunan ɗinki irinsa ba. Zare a karkace, ƙulli ƙato. Na yi tayin koya mata, ta ce in bar mata kayanta, da gangan take yin ƙullin haka, don duk yaron da ya warware a gida ya sake ƙullawa za ta gane. An gwada ta kuwa ba sau ɗaya ba. Har wata yarinya ta taɓa sa mahaifiyarta ta mayar mata da ɗinkin, Gwaggo ta juya littafin ta ce, "Ki gaida Mama, ki ce mata ta fi ni iya ɗinki, shi ya sa na gane."

Tun daga lokacin tambaya ɗaya take cina: me ya kawo wannan al'ada? A duk ɗakunan karatun da na taɓa shiga ban ga mai yin haka ba. Da na ƙudura yin wannan rubutu, sai na ce bari ni ma in yi irin nata, in bi shaidu ɗaya bayan ɗaya.

Na fara da wani direban tasi da nake wa ɗinki, wanda yanzu har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ina gwada masa riga na ambaci sunanta, sai ya sauke hannu tun ban gama awo ba.

"Gwaggo Sufeto? Ai mu muka sa mata sunan! Wallahi Tela, matar nan ta hana ni barci ina yaro. Akwai wani littafi da aka sace ƙararrawar makaranta, na je na ce mai shara ne. Ta ce don me? Na ce saboda fuskarsa a hoton ta marasa gaskiya ce. Ta kalle ni ta ce, to kai ma in an zana taka fuskar yau da ba ka wanke ido ba, ai ɗaure ka za a yi. Na koma gida na sake karantawa har sau nawa ban sani ba."

Na ce to, a ganinsa me ya sa take ɗinkin? Ya ce kowa ya sani, aikin 'yan sanda ta so tana budurwa aka hana ta a gida, shi ne take hucewa a kan yara. Na tambaye shi wa ya gaya masa. Ya sosa ƙeya, sannan ya fashe da dariya ya ce in rufa masa asiri kada in gaya mata ya yi magana ba dalili.

Wata nas da ke aiki a ɗakin shan magani na bayan kasuwa, ita ma ɗiyar ɗakin ce. Ta ce ita a ganinta Gwaggo dabara ta yi don ta koya wa yara natsuwa. Ta ce har yau idan mara lafiya ya shigo yana cewa shi ya san abin da ke damunsa, a ba shi allura kawai, takan ji muryar Gwaggo a kunnenta tana cewa a koma shafin baya tukuna. Mai gadi kuwa da na tambaye shi, cewa ya yi, "Mugunta ce irin ta masu ilimi, ba wani abu ba." Sai dai yana faɗa yana murmushi, domin shi ma jikokinsa a can suke yini.

Shi ne ma ya ba ni labarin takalmin. Wata rana an tashi za a tafi gida, sai wani yaro ya nemi takalminsa sabo a bakin ƙofa ya rasa ƙafa ɗaya. Nan take yara suka juya kan wani baƙo da iyayensa ba su daɗe da tarewa a unguwar ba, yaro mara magana, mai tsofaffin silifa. Har an fara kiran sunan da ba ya goguwa. Mai gadi ya ce shi kansa ya ɗaga sanda zai tsorata yaron ya fito da shi. Sai Gwaggo ta fito ta ce kowa ya zauna a tabarma.

"Wa ya gan shi ya ɗauka?"

Aka rasa wanda ya gani.

"To wa zai gaya min abin da ɓarawo zai yi da ƙafa ɗaya?"

Yara suka fara kallon juna. Wata ta ce ai ta ga ɗan kwikwiyon mai wankin mota yana wasa a bakin ƙofa ɗazu. Aka bazu nema, aka tsinci takalmin a bayan famfo, duk ya sha tauna. Gwaggo ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta dai sa kowane yaro ya je ya ba baƙon hannu, sannan ta zaɓo littafi da kanta ta ara masa. Mai gadi ya ce shi ma ya je ya ba yaron hannu, ba wanda ya sa shi.

Da na tara waɗannan bayanai sai na ji na zama wani babban mai bincike. Na tafi wurinta da zato iri-iri a raina, ina tsammanin wani labari mai sa kuka, na ce Gwaggo don Allah yau ki gaya min asalin ɗinkin nan. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Tela, kai ma ka cika son labari. Lokacin da na fara aiki, sai yaro ya ari littafi da safe ya dawo da shi kafin azahar. Ashe ƙarshen kawai yake buɗewa ya ga wanda ya yi satar, ya fito waje yana shela, ya ɓata wa saura. Na yi faɗa na gaji. Ran nan ina ɗinke bakin zanena sai na ce, to bari in gwada wannan. Shi ke nan fa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sauran duk yaran ne suka koya min. Da na ga irin abin da suke tonowa idan an hana su ƙarshe, har da wanda ni ban lura da shi ba, sai na ce ashe daɗin a hanya yake."

Na fito ina ɗan jin haushi, domin na fi son bayanin direba. Amma a hanya na gane abin da ya fi burge ni game da ita ke nan, ba ta ƙara wa aikinta gishiri.

Gwaggo, ke ce kika karanta kowane littafi da ke ɗakin nan kafin ki miƙa wa ɗan wani. Ke ce kike zama a ƙaramar kujerar da ba ta ɗauke ki ba, ki saurari ɗan shekara takwas yana kawo hujja kamar babban lauya, ba ki taɓa katse shi ba, ba ki taɓa yi masa dariyar raini ba. Mu iyaye muna cewa yara ba sa son karatu. Ke kuwa sai da kika sa mai gadi ya riƙa korarsu idan lokacin rufewa ya yi.

A gidana na ga wannan. Autata yarinya ce da in ka miƙa mata littafi sai hamma ta kama ta. Malamai sun yi ƙorafi, uwarta ta yi faɗa, ni na yi alkawarin sabon kaya, duk a banza. Ran nan ta biyo ni shago ta dame ni da surutu, na ce ta tsallaka wurin Gwaggo ta ba ni lafiya. Ta dawo da littafi na farko cikin jerin labaran 'Yar Mai Gadi, wata yarinya da ke zaune da mahaifinta a ɗakin bakin ƙofar wata makaranta, wadda duk abin da ya ɓace a garin sai an zo wurinta. Auta ta karanta shafi biyu ta ajiye. Sai ta lura da jan zaren.

"Baba, me ya sa aka ɗinke nan?"

"Don kada irinki su gani."

"Ara min almakashi."

"Je ki tambayi Gwaggo."

Ta je, ta dawo tana kumbure-kumbure, ta zauna a kan buhun yadi ta buɗe shafin farko. Abin da alkawarin sabon kaya bai yi ba, haushi ya yi shi. Cikin ɗan lokaci gidanmu ya koma ofishin bincike. In cokali ya ɓace sai an yi wa kowa tambayoyi. Yayanta ya sha madarar da aka ajiye wa baƙi ya ce mage ce, ta tambaye shi ko magen ce ta mayar da murfin ta ɗaure. Uwarta takan ce, "Wannan Gwaggon taku ta jawo mana masifa," amma na sha kama ta ita ma da littafin a kicin, tana jiran tukunya ta tafasa.

To, ana nan sai aka kawo littafi na ƙarshe a jerin 'Yar Mai Gadi. Yara sun daɗe suna jiransa, labari ya bazu tun kafin a buɗe kwalin. Kowa ya san tsarin Gwaggo, za ta tafi da shi gida ta karanta, ta ɗinke, ta fito da shi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, littafi shiru. In an tambaya sai ta ce yana nan tafe. Ni daga shago ina ganin yara suna fitowa ba hayaniya, abin da ban saba gani ba.

A daidai wannan lokaci kuma allurai suka fara ɓacewa a shagona. Ba na keke ba, na hannu, kuma manya masu faɗin ido. Jan zare ma yana raguwa. Na tsare Auta.

"Ke kike kwashe min allurai?"

"Baba, ina shaidarka?"

"Shaidata ita ce ni na haife ki. Zauna ki gaya min."

Ta zauna. Ta daɗe tana wasa da tef ɗin awo kafin ta ce, "Baba, Gwaggo ba ta gani sosai. Amma don Allah kada ka nuna ka sani."

Na ce wa ya gaya mata? Ta ce ba wanda ya gaya musu, ganowa suka yi. Da, in ka kawo dalilinka, karɓar littafin take ta duba da kanta. Yanzu sai ta ce ka karanta da ƙarfi kowa ya ji. Da, daga bakin ƙofa take kiran sunanka. Yanzu sai ka yi sallama ta ji murya. Wata rana kuma wani yaro ya dawo ɗaukar hularsa, ya hango ta a bakin taga tana ta fama da allura, zare ya ƙi shiga, har ta ajiye ta dafe kai. Ya koma da baya a hankali bai ɗauki hular ba.

Sai suka yi shawara a tsakaninsu. Kullum kafin a tashi, wasu za su kewaye ta da tambayoyi, ɗaya ya zagaya ya buɗe gwangwanin, ya zuba allurai da aka riga aka zura wa zare. Da safe sai dai ta ɗauka ta yi ɗinki. Sun daɗe suna haka. Ni da nake taƙama shagona yana kallon ƙofarta, ban ga komai ba.

"To sabon littafin fa?"

"Ba ta karanta ba, Baba. Ba za ta iya ba. Kuma ba ta taɓa yi mana hukunci a kan littafin da ba ta karanta ba. Shi ya sa ta riƙe shi."

Na ce ai sai wani ya karanta mata. Auta ta dube ni irin kallon da ake wa wanda bai san mutane ba. Ta ce in aka ce mata haka kai tsaye, ai an gaya mata ke nan an sani. Gaskiya na ji kunya, na kuma ji wani irin alfahari da ya cika min ƙirji. Na buɗe akwati na ba ta sauran alluran duka.

Dabarar da suka ɓullo da ita, ni kaina ba zan iya tsara ta ba. Suka je mata a gungu suna gardamar ƙarya, kowa yana cewa shi zai fara ara. Har da masu riƙe kwalar juna. Da hayaniya ta yi yawa sai babbar cikinsu ta ce, "Gwaggo, tunda guda ɗaya ne, in kin ba wani faɗa za a yi. Me zai hana mu zauna nan mu riƙa karantawa da ƙarfi, kowa babi ɗaya? Ke ma sai ki yi zargi tare da mu." Mai gadi yana bakin taga. Ya ce ya zaci Gwaggo za ta ƙi, sai ga shi ta buɗe jaka ta fito da littafin, ta ce to wa zai ɗinke ƙarshen, tunda ita ma yanzu mai zargi ce? Aka miƙa wa 'yar tela. Na ga ɗinkin daga baya, kuma ba don 'yata ba ce, ya yi kyau.

Ba su yi nisa da karatun ba ranar sallamarta ta zo. Shugaban ɗakin karatu ya yi jawabi, aka ba ta kyautar agogon bango. Ta miƙe ta yi godiya, sannan ta juya wajen yara ta gaya musu da bakinta cewa idanunta sun tafi. Suka yi ƙoƙarin nuna mamaki, amma ba su iya ba, wani ma tun kafin ta rufe baki ya ce "Ayya!" Ta ce, "Ku daina wahalar da kanku. Kun zaci allura tana zura wa kanta zare ne? Har mai ƙulli biyu na sani, da mai barin zare dogo kamar zai ɗaure akuya." Aka yi dariya, da yawa kuma muna share ido. Sabuwar ma'aikaciyar da ta gaje ta ta karɓi gwangwanin da hannu biyu.

Littafin kuwa ya bi ta gida. Duk Asabar da yamma yara sukan taru a barandarta su ci gaba da karatu. Tuni suka kai bakin zaren. Kowane yaro ya faɗi wanda yake zargi da sace kofin gasar makaranta, ya kawo dalilinsa. Saura mutum ɗaya, kuma sun yi alkawari ba za a warware ba sai kowa ya faɗa. Gwaggo ta ce ita ba ta gama tara hujja ba, a sake karanta mata babi na uku. Asabar ta gaba ta ce akwai maganar da direban makaranta ya yi da ba ta zauna mata ba, a koma baya. Auta takan dawo gida tana cizon yatsa, ta ce Baba, Gwaggo fa ta fara tsufa, abu a fili amma ta kasa ganewa.

Ni ban yarda ba. Matar da ke gane ƙullin kowane yaro da ɗan yatsa, labarin kofi ne zai gagare ta? Na ɗauki wani ɗinkinta da na gama na kai mata da kaina, ranar da ba yara. Na same ta a baranda, littafin yana kan cinyarta, tana shafa bangon. Bayan mun gaisa na ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, ba ki gano mai kofin nan ba?"

Ta juya fuska wajen titi.

"Tun kafin a kai rabi na gano shi, Tela. Marubucin ma bai iya ɓoyewa ba."

"To me ya hana ki faɗa? Yaran nan fa sun ƙagu."

"In na faɗa, a warware, a karanta, a rufe. Shi ne na ƙarshe, babu wani bayansa." Ta shafa jan zaren. "Daga nan me zai kawo su gidan tsohuwa makauniya? Can akwai littattafai, akwai sabuwar malama mai ido. Ni nan me gare ni? Bar ni in ɗan ja shi."

Na ajiye mata ɗinkinta na yi sallama, na dawo shago na zauna a gaban keke ban taka shi ba har aka yi la'asar.

Jama'a, irin su Gwaggo suna nan a kowace unguwa, ba a sa su a jarida, ba a kiransu taro. Idan akwai wanda ya fara sa muku littafi a hannu, ku neme shi tun yana raye. Idan akwai yaro a gidanku, ku samo masa labarin da zai hana shi sakat, ku zauna ku ji zarginsa, ku tambaye shi dalili, ko da kuna da aiki. Wanda yake da littattafan bincike da 'ya'yansa suka girme su, kada ya bar su gara ta ci, ya kawo shagona, na san inda zan kai su. Direban tasin nan ya riga ya kawo kwali guda, nas ta ce a sa ta a layin masu karanta wa Gwaggo.

Gwaggo, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya sa abin da kika shuka a ɗan ɗakin nan ya bi ki har gaba. Na san wannan rubutu ba da idonki za ki karanta shi ba. Auta ce za ta karanta miki ranar Asabar a gaban sauran, kuma ta haka asirinki ya tonu, ki yafe min, na gaya miki ba na iya riƙe magana. Na tambaye ta jiya ko don kofin suke zuwa, ta ce, "Haba Baba, kofin me? Mu wurin Gwaggo muke zuwa." Saboda haka ki faɗi sunan mai laifin, a kawo almakashi. Asabar ta sama ni ne da babin farko na sabon littafi, kuma karatuna ba shi da sauri, sai kin yi haƙuri da ni.